Ranar Da Aka Kwance Injin Katako

Wata Laraba ce, mako guda bayan Ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Mun taso daga makaranta muka tarar da babbar mota a bakin injin katako, ƙarti suna ta kwance zarto. Ban taɓa jin ƙauyenmu shiru da rana tsaka ba sai ran nan.

Ƙauyen namu yana tsakanin Ƙaraye da Rogo, injin ne kuma ya tara yawancin gidajensa. Babana, Malam Haruna, shi ke tura gungume bakin zarto, ƙarar ta cinye masa kunnen hagu, sai an koma ta damansa yake ji. Ni nake kai masa fura da azahar, in dawo da buhun dusar katako a ka, Inna ta hura wuta da ita. A kan tulin dusar nan muke gaɗa da 'yan matan unguwa, mu koma gida kai fari fat, a yi mana faɗa, gobe mu sake. Bencin ajinmu, ƙyauren masallaci, har allunan ɗaliban makarantar allo, duk daga hannun su Baba suka fito.

A hankali maɗaci ya ƙare a dajin, aka koma kan ɗorawa da kanya, su ma suka yi wuya. Mai injin ya ce zai mayar da shi kudancin Kaduna, mai so ya biyo shi. Inna ta ce, "Malam, ga gonar gyaɗa, ka zauna mana." Baba ya ce, "Gonar nan ba ta riƙe mu wata biyar, Hajara. Ruwa na sauka zan dawo." Da ya hau bayan motar ya leƙo ya ce mini, "Uwata, ki riƙe karatu."

Muna cikin shuka wani abokin aikinsa ya yi sallama, ɗauke da akwatin Baba. Ya ce itace ne ya faɗo wa Baba a daji, sun yi ta ƙwala masa kira, amma suna ta hagunsa. A can suka yi masa sutura. Inna ta zauna a kan turmi, ta kasa ko buɗe akwatin.

Bara na je ƙauyen. Filin injin ya zama gonar dawa, yaran da na tambaya ba su ma san an taɓa tsaga katako a wurin ba. Inna ta rasu ba ta ga kabarinsa ba, ni ma har yau ban san inda yake ba. Addu'a ce kaɗai ta san hanya.