Neman Ratawus a Ƙasar Jamus

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Abuja daga unguwarmu Gwallaga a Bauchi, ni da abokin tafiyata. Wani ɗan gajeren kwas na ɗaukar hoto ne ya kai mu Jamus, don sana'ata ke nan, hoton biki da na suna. Amma akwai aiken da na ɗauko daga gida wanda ya fi min kwas ɗin nauyi.

Baba ya taɓa zuwa Jamus yana saurayi, koyon gyaran injin manyan motoci, kuma hoton da ya ɗauko gobara ta cinye shi tun ba a haife ni ba. Tun rasuwar mahaifiyarmu ba shi da hira sai ta wani wuri da yake kira Ratawus. Wai a can ya ga jaki ya goya kare, kare ya goya kyanwa, kyanwa ta goya zakara, mutane na layi suna gaisawa da jakin. Jikoki su yi ta tuntsira dariya. Babban yayanmu kuwa bai ga abin dariya ba. Ya ce tsufa ya fara taɓa kan Baba, in na dawo za a zauna a raba shi da shagonsa na kasuwar Muda Lawal, a daina barinsa fita shi kaɗai. Da na je sallama, Baba ya rage murya ya ce, "Auta, in ka je ka duba min. Ni kaina na fara tunanin ko mafarki na yi." Maganar nan ta tsaya min a rai.

Hanyar Jos tana nan yadda kuka san ta, direba na kauce wa rami yana faɗawa wani. Masar da na ƙunso don guzurin Turai ba ta ko kai Akwanga ba.

Frankfurt muka sauka, sanyi ya yi mana maraba tun daga ƙofa. A tashar jirgin ƙasa na gyara tsayuwa na ce wa mai sayar da tikiti ina son na zuwa Ratawus. Sai da na maimaita kafin ta gane, ta ce, "Na wane gari?" Ashe ba sunan gari ba ne. Rathaus suke cewa, wato gidan majalisar gari, kuma kowane gari da nasa, har ƙananan garuruwa. Kamar dai Bature ya sauka a Nijeriya ya ce a kai shi Sakatariya. Abokin tafiyata ya yi dariya har da riƙe ciki. Zancen jaki ban ma tayar da shi ba. Wa zan tara da wannan a ƙasar mutane?

Sai na yanke shawara, duk garin da muka shiga zan nemi nasu gidan majalisar in ɗauka, in tura wa 'yar yayana ta nuna wa Baba. Na Frankfurt yana bakin wani fili mai daɓen dutse, kan ginin kamar matakala, kewaye da gidaje masu sarƙaƙƙen katako a jikin bango. Amsa ta zo: ba shi ba ne. A Heidelberg muka hau tudu zuwa wani rusasshen gidan sarauta na jan dutse, daga sama kana ganin kogi da jajayen rufin gari gaba ɗaya. A bakin tsohuwar gadarsu na hango dabba ta tagulla, na ce an zo wurin. Da na matsa sai na ga biri ne, shi kaɗai, ba wanda ya goya. A Kolon, inda ake kwas ɗin, akwai wani baƙin coci mai hasumiya biyu da ya ƙi shiga kyamarata sai da na kwanta a ƙasa, masu wucewa na tsallake ni ba ko sannu.

Ga mai ɗaukar hoto, hasken ƙasar nan abin so ne. Rana ba ta tsayuwa a tsakiyar ka ta ƙona fuska kamar tamu, gajimare ya tace ta tas. Sai dai ka kiyayi nuna kyamara ga mutum ba izini, za ka sha harara. Na tuna unguwarmu, inda kafin ka ɗaga kyamara rabin layi sun shigo hoto. Abinci kuwa shagunan Turkawa suka rufa mana asiri da nama na halal. Burodinsu na iya karya haƙori, ruwan kwalba in ba ka duba ba ka sayi mai gas, bayan gida ma sai ka biya. Ranar Lahadi suka rufe shaguna ƙaf, muka wuni da shayi.

Duk hoton da na tura, amsa ɗaya ce. Yaya ya kira ni ya ce, "Ka daina wahalar da kanka, ka ga dai abin da nake faɗa." Wallahi har na fara saduda.

Ranar rufe kwas, malamarmu ta ce kowa ya faɗi hoton da ya so ɗauka bai samu ba. Da aka zo kaina na ce a raina in za ka sha giya sha ta dubu, na zayyana musu labarin Baba kaf, har da zakara. Aka yi dariya kamar yadda na zata, sai dai kafin in sunkuyar da kai, bakuna da yawa suka haɗu suka ce, "Bremen." Malamar ta ce wani gari ne a arewa, ai ko yaron goye a ƙasar ya san tatsuniyar dabbobin nan.

Washegari muka hau jirgin ƙasa zuwa arewa. Fili shimfiɗe, injinan iska masu ba da lantarki na juyawa, ga shanu baƙi da fari marasa tozo, waɗanda abokin tafiyata ya ce Bafulatanin Zungur ta wajenmu ba zai yarda shanu ba ne. Gidan majalisar Bremen tsohon gini ne mai bakuna a jere, gabansa wani ƙaton mutum na dutse riƙe da takobi. Na duba gabas na duba yamma, ba jaki. Na zagaya ta gefen ginin, sai ga layin mutane. Ga jaki, ga kare a bayansa, ga kyanwa, ga zakara a can sama, duk na tagulla, ba su ma kai girman da na zata ba. Kowa ya zo sai ya kama ƙafafun jakin na gaba da hannu biyu, wai neman sa'a, har wurin ya goge yana ƙyalli. Gaisuwar da Baba ke faɗa ke nan. Ni ban roƙi jaki komai ba. Gefe na koma na zauna na yi wa Allah godiya, hawaye na zuba, ban ji kunyar kowa ba. Sannan na tashi na ɗauka ta kowace kusurwa. Wannan ban tura a waya ba, na fi so ina wurin.

A hanyar dawowa Bauchi na yi ta juya abin. Kalma guda Baba ya riƙe a karkace, sauran duk daidai ya faɗa, amma saura ƙiris mu yanke masa hukunci. Na koyi cewa in labarin tsoho ya yi maka kama da tatsuniya, ka fara tuhumar iyakar inda ƙafarka ta taka.

Sai da na biya shago na wanke hoton babba kafin in shiga gida. Na tarar da Baba a zaure, Yaya na gefensa. Baba ya sa tabarau, ya kai hoton kusa da fuska, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ba ta nan ake tsayawa ba, ta ɗaya gefen zakaran ya fi fitowa." Sannan ya ɗora shi a cinya, ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, "Ashe da hankalina."

Yaya ya sauko daga kujera ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mana."

Baba ya ce, "Tashi, je ka kira min jikokin nan su zo su gani."