Hawainiyar Ɗakin Kati

"...na ce ita ce! Ku kira min Inna, sunan ƙanwata ne a saman takardar!"

Haka na faɗo tsakar gida, gari fari fat a gemuna, takalmi ɗaya a ƙafa, injin niƙana na baro shi a ƙofar gida yana ta kuka ba kowa a kansa. Gidanmu gidan haya ne, ɗaki goma sha ɗaya, famfo ɗaya, kuma ranar kowa yana waje. Masu wanki suka ɗago, mai gyaran rediyo ya ajiye sukudireba, Inna ta fito tana neman ɗankwalinta.

Mutum ɗaya ce ba ta ɗago ba, ita mai sunan. Tana durƙushe tana cuɗa kayan makarantar 'ya'yanta mata biyu, wayarta na kan bokitin da ta kifa a gefe.

"Wa ya faɗa maka, Yaya?"

"Maigadin asibitinku. Yanzu ya wuce a keke. Da idonsa ya gani a kan tebur."

"Takarda biyu ce fa," in ji ta. "Akwai ta waɗanda za a riƙe, akwai ta waɗanda za a sallama. Duka biyun suna ake rubutawa a kai. Wacce ya gani?"

Ban tambaye shi ba. Sai na ji ƙafata mara takalmi ta fara jin sanyin siminti.

"Sun ce za su kira kafin la'asar," ta ce, ta ci gaba da cuɗa. "Bari su kira."

To kafin wayar nan ta yi ƙara, bari in ba ku labarin wannan baiwar Allah, don ku san abin da muke jira.

Hawainiya muke ce mata tun tana ƙarama. Babanmu ne ya sa mata, saboda in ka aike ta ɗebo ruwa sai ta tsaya ta duba ko kofin yana da tsaga. Shi Baba mai injin niƙa ne, shi na gada. Yatsa huɗu gare shi a hannun dama. Wata rana tun yana saurayi aka kawo masa hatsi da ƙusa a ciki, ya juye bai duba ba, inji ya shaƙe, ya kai hannu, shi ke nan. Daga ranar ya kafa doka: babu kwanon da zai shiga inji sai an baza shi a faranti an bi shi da hannu. Ko layi ya kai bakin titi, ko mata na zage-zage. Yakan ce, "Inji ba shi da ido. Abin da ka ba shi, shi zai niƙa."

Ni wannan aikin tsinta ya ishe ni tun ina yaro, nakan yi sama-sama in juye. Hawainiya kuwa kamar don shi aka haife ta. Tsakuwa, maɓalli, allura, guntun kwalba, har ɗan kunnen wata amarya ta taɓa tsintowa. Da Baba ya rasu ina aji shida, na ajiye jaka na kama inji, ita ta ci gaba har ta gama sakandare. Ban taɓa nadama ba, don ni da littafi dama gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ta samu aiki a ɗakin kati na asibiti. Ɗaki ne dogo mara taga, kanta har rufi, katunan marasa lafiya cunkushe, wasu ɓera ya ci gefensu. Mara lafiya ya miƙo lamba ta ƙaramar ƙofa, ita ta hau tsani ta nemo katinsa. Shekara goma sha biyu tana wannan hawa da sauka. A ciki ta yi aure, a ciki mijin ya rasu, da wannan aikin take riƙe 'yan matanta.

Sai bara aka shigo da kwalaye. Kwamfuta shida, firinta ɗaya. Aka tara ma'aikatan ɗakin aka ce duk katunan nan za a zuba su cikin na'ura, kuma su tara da ke ɗakin uku kawai za a riƙe. Za a yi gwaji, har 'yan waje masu difloma za su iya shiga. Mai so a koya masa, akwai darasi na sati shida bayan an tashi aiki.

Ranar farko ta dawo tana dariyar kanta. Malamin ya ce a ɗaga kibiyar da ke kan allo sama, ita kuwa ta ɗauki maus, ɗan abin da ake ja a kan tebur don motsa kibiyar, gaba ɗaya ta ɗaga shi sama kamar mai nuna wa jama'a kifi. Rana ta huɗu ba ta yi dariya ba. Ta yi awa guda tana buga sunaye da yatsa biyu, aka ɗauke wuta, komai ya tafi, don ba ta yi sebin ba, wato ba ta adana aikin a cikin na'urar ba. Ta zo ta zauna kan bencin injina. Ina ta aiki tana kallo. Can sai ta ce:

"Yaya, ashe abin nan injinka ne."

"Wane abu?"

"Kwamfuta. Ka ga bakin da kake juye hatsi? Shi ne kibod, nan ake shigar da bayani. Faranten da ke niƙa a ciki, shi ne ƙwaƙwalwarta, can take tsarawa ta lissafa. Inda gari ke fitowa, allo ne da firinta. Ni kuma yau na niƙa garina na bar shi a ƙasa ban ɗure a buhu ba, iska ta kwashe."

"To gobe ki tafi da buhu," na ce.

Daga ranar tsoron ya sake ta. Kullum da abin da za ta kawo mana. Ta ce kowane mara lafiya layi ɗaya gare shi, kowane layi an raba shi gida-gida: gidan suna, gidan shekarar haihuwa, gidan lambar waya, gidan jini. Ta ce kana iya cewa ta jero maka duk masu suna iri ɗaya, kafin ka ƙifta ido ta jero, aikin da da sai ta yi kwana uku a kan tsani. Inna ta tambaya ko na'urar tana gane mai ƙarya. Hawainiya ta ce, "Ina fa, Inna. Ki ce mata jariri shekararsa tamanin, za ta ce to."

Matsala ɗaya ce, sauri. Har aka gama darasi hannunta bai saki ba. Ƙaramar 'yarta ma tsokanarta take yi: "Mama, kafin ki sami harafi ɗaya an sallami mara lafiyar."

Ranar gwaji su goma sha takwas ne, shida-shida ake shiga. Wata mata mai gilashi da ta zo daga babban ofis ta ajiye wa kowa damin tsofaffin katuna ɗari biyu, ta ce awa ɗaya da rabi, a shigar da su. Tana cewa a fara, ɗakin ya ɗauki ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Wani saurayi mai difloma a gefenta ko kibod ɗin ba ya kallo.

Hawainiya ta ɗora yatsa za ta fara, sai hannun ya ƙi. Ta ce min wallahi ba tunani ta yi ba, hannun ne kawai ya ture kibod gefe, ya baza katunan a kan tebur. Ta fara bin su ɗaya-ɗaya, yadda muke bin hatsi.

"Baiwar Allah, karta za ki buga?" in ji saurayin, yana murmushi.

"Tsinta nake yi, ɗan'uwa."

Minti ashirin ba ta taɓa na'ura ba. Kuma ga tsakuwa nan kuwa. Shekara goma sha biyu a bakin ƙaramar ƙofa sun koya mata halin mutanenmu: mutum ya yar da lambarsa, kunya ta hana shi faɗa, sai ya ce sabon zuwa ne a buɗe masa wani kati. Ta sami mace ɗaya da kati uku, lambar waya ɗaya, unguwa ɗaya. Ta sami yaron da aka rubuta an haife shi shekara biyu bayan ranar da aka duba shi. Ta sami wani dattijo mai kati biyu, a ɗaya an rubuta da jan biro cewa akwai allurar da jikinsa ba ya ɗauka, a ɗayan babu komai. Wannan ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ƙusar Baba ta tuna.

Ta ware irin waɗannan gefe, ta yi wa kowanne ɗan rubutu a takarda, sannan ta jawo kibod. Yatsa biyu, tana yi tana sebin duk bayan kati biyar. Da aka ce a tsaya, ɗari da hamsin ta shigar. Talatin na gefe, ashirin ko kansu ba ta kai ba. Sauran kusan duk sun gama nasu tas, suna miƙa.

Mai gilashi ta zo ta tsaya a kanta.

"Ke ba ki gama ba."

"Ban gama ba, ranki ya daɗe."

"Waɗannan na gefe fa?"

"Masu tsakuwa ne. In na zuba su haka, haka za ta haɗiye. Wannan dattijon in likita ya buɗo layin da babu jan biro, za a yi masa allurar."

Matar ta ɗauki katunan biyu ta duba, ta duba rubutun, ta haɗa su da takardar ta sa a jakarta. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. "Za ki iya tafiya," kawai.

Hawainiya ta dawo gida ta ce mana mu fara yi mata cigiyar wani aiki. Kwana tara ke nan. A cikinsu har keken ɗinkin maƙwabciya ta fara gwadawa.

To, ga mu a tsakar gida. Inuwa ta bar bakin famfo ta kai ƙofar ɗakin Inna. Babu wanda ya koma ɗaki. Mai gyaran rediyo ya fita ya kashe min inji, ya dawo da takalmina. Hawainiya ta gama wanki ta shanya, ta tsaya tana daidaita bakin kowace riga a kan igiya.

Wayar ta yi ƙara.

Sai da ta goge hannu a zaninta, yatsa ɗaya-ɗaya. Na ce, "Don girman Allah ki ɗauka." Ta danna ta sa a sifika, kowa ya matso.

"Ni ce wadda ta yi muku gwaji," in ji muryar. "Kati goma muka lalata da gangan muka cusa a damin kowa. Cikin ku goma sha takwas, ke kaɗai kika fitar da goman. Sauran ashirin da kika ware kuma, mu kanmu ba mu san da su ba."

"Amma ban gama ba, ranki ya daɗe."

"Masu sauri muna da su. Za mu ba ki biyu su zauna ƙarƙashinki. Daga ranar Litinin babu katin da zai shiga na'ura sai ya bi ta hannunki. Kina ji na kuwa? Wai wane ne ke ihu haka a bayanki?"

Hawainiya ta waigo ta dube ni, idonta cike da ƙwalla, tana dariya.

"Yayana ne, ranki ya daɗe. Mai injin niƙa. Ƙarfe nawa zan zo?"