Alwalar Wan Matata

Shekarar da na samar wa wan matata aiki a kamfanin jimar fata na Challawa, ban yi don Allah kaɗai ba, har da don in samu zaman lafiya a gidana. Ya girme ni, dole in ce masa Yaya, amma ƙwaya ta mayar da shi mutumin da ko tsintsiya ba ka ba shi ajiya. A Dakata ya koyo ta, lokacin da yake lodin buhuna a manyan motoci. Da ya ce ya tuba, matata ta danƙa mini shi, ta ce idan ya koma ruwa ni za ta tuhuma.

Limamin masallacin kamfaninmu wani dattijo ne ɗan Jigawa da ke ɓangaren sa wa fata gishiri. Na kai masa Yaya. Ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Duk lokacin da zuciyarka ta raya maka abin nan, tashi ka yi alwala. Kada ka tsaya gardama da ita."

Malam bai san yadda zuciyar Yaya take da surutu ba. Kafin mu juya fata ɗaya ya tafi bakin tanki. Ya dawo gemu na ɗiga, ya ɗan taɓa aiki, ya sake ɗaukar buta. Yatsunsa har suka yi yaushi kamar na mai wankau. Abokan aiki suka samu abin yi, suna cewa ya bar ƙwaya ya kama buta. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni, don rabon aikinsa a wuyana yake ƙarewa.

Dariyar ba ta dame shi ba. Abin da ya ci masa rai shi ne, da ya shigo ɗakin canja kaya kowa sai ya lallaba ya tura wayarsa aljihu. Wata rana muna jiran mota ya ce da ni, "Na daina, amma babu wanda ya san na daina. To meye bambancin?" Ni kuwa na san daga irin wannan magana ake komawa ruwa.

Ba a jima ba injin jawo ruwa ya lalace. Ɗan abin da ya rage a tanki, Yaya ya bi shi buta bayan buta tun safe, don ranar abin ya taso masa sosai. Da aka tashe mu sallar Azahar, famfo ya ce ku nemi wani. Ruwan da ke kwamin jima kuwa ya sha magani ya canja kala, ba ya alwala. Masu ga-ruwa ba sa shigowa harabar, hutun kuma gajere ne. Aka yi ta zagin wanda ya ƙarar da ruwa ba tare da an kama suna ba, kowa yana kallon wuri ɗaya.

Malam ya ce a yi taimama. Muka dafa ƙasa, muka shafa, muka yi sahu. Har Malam ya taka gaba, sai ya juyo ya ce, "Akwai mai alwala a cikinku?"

Can daga ƙarshen sahu Yaya ya ɗaga hannu, kamar wanda aka kama da kayan sata.

"To matso," in ji Malam. "Ba a so mai taimama ya ja mai alwala."

Wani mai gyaran inji ya ce, "Haba Malam, ku duba dai. Wannan fa?"

"Shi fa. Kai ina taka alwalar?"

Aka tura Yaya gaba. Ya yi kabbara da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba. Komai ya tafi daidai har sujadar ƙarshe. Nan ya sa goshi a ƙasa ya ƙi ɗagowa. Muka jira. Tabarmar masallacin warin fata take, ga hancina a ciki. Wani ya yi gyaran murya, wani ya ce subhanallah, jiniyar komawa aiki ta buga ta gama. Ni dai har na fara tsara abin da zan faɗa wa matata idan ta tabbata suma ya yi. Da ƙyar ya ɗago, ya yi tahiya, ya sallame. Mutane suka ruga da takalma a hannu, mai gyaran injin nan yana ta ƙunƙuni.

Na tare shi a bakin ƙofa raina a ɓace. "Yaya, wannan wace irin sujada ce? So kake a kore mu gaba ɗaya?"

Ya goge fuska da hular aikinsa, idanunsa jajir. Ya ce, "Kunya na ji in ɗago su ga ina kuka. Ka san rabon da wani ya tsaya a bayana, in ba don ya tare ni kada in faɗi ba?"

Na fasa faɗan da na shirya. Na ɗauko masa takalmansa na ajiye a gabansa.