Wankan Jegona da Maginan Alhaji

Haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, a Maigatari, shekarar da ta biyo bayan canjin kuɗi. Daga Gagarawa aka kawo ni, inda nake aure, don Gwaggo, yayar Babanmu, ta yi mini wankan jego. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwa mai tafasa da ganyen darbejiya. Makewayinmu kuwa irin na kowa ne, katanga huɗu, sama a buɗe.

Kwana tara da haihuwa, Alhaji maƙwabcinmu ya tashi shafe benensa da siminti ta waje. Falken shanu ne, Babanmu kuma dillalinsa ne a kasuwa. Ya ɗauko magina daga birni, suka kafa dogayen itatuwa a lungun da ke tsakaninmu, suka ɗaɗɗaure da igiya, suka shimfiɗa katako hawa biyu don su taka. Hawa na biyun ya zo daidai saman makewayinmu.

A garinmu ko kaza mutum zai kamo a kan katanga sai ya ɗaga murya, "Za a hau, mata a kauce!" Maginanmu na ƙasa aike suke yi tun jajibiri. Waɗannan ko sallama. Ina zaune a kan turmi, Gwaggo ta tsoma ganye ke nan, sai na ji tari a sama. Na ɗaga kai, ga ƙato da cokalin gini a hannu, yana kallona kamar ya biya kuɗin kallo. Na wawuri zane na faɗa ɗaki. Ba tsoro na ji ba, baƙin ciki ne.

Gwaggo ta tare Baba a zaure.

"Malam, je ka ce wa mutumin nan ya sauke mutanensa lokacin wanka. Rabin awa kawai."

"Yaya, a yi haƙuri. Kwana nawa ne aikin?"

"Sanyi ya shiga jikin yarinya, kai za ka cire shi?"

Bai je ba. Ranar Alhamis ma tare aka gan su da Alhajin a kara, kasuwar shanu, suna dariya.

Kwana biyu ba a yi mini wankan kirki ba. A na uku Gwaggo ta janye murhun dafa ruwa ta kai shi gindin katangar, ta tura ɗanyen itace, ta watsa barkono tafi guda. Wallahi ban taɓa jin daɗin tarin wani ba sai ranar. Suka dinga dirowa suna atishawa, ɗaya har ya bar takalminsa a sama. Na yi wankana a tsanake, har da ƙari.

Daɗin bai kai magariba ba. Alhaji ya zo da kansa, ina jin su ta zaure. Na kasa kunne in ji Baba ya ce 'yata ce, jego take. Abin da na ji shi ne, "Alhaji, a gafarce mu. Sha'anin mata ne, ka san ba hankali gare su ba."

Baba ya shigo ya kashe wutar da ruwan wankana.

Sauran kwanakin a cikin ɗaki na yi su, a tsugune cikin daro, ƙofa a rufe, jaririyata tana kuka cikin tururi. Daɓen ɗakin ya jiƙe ya zama taɓo. Su kuwa suna sama suna waƙa, wata guda cur, ba wanda ya ce musu kanzil.

Washegarin arba'in suka kwance itatuwan. Da hantsi sai ga amalanke a ƙofar gida, cike da guntayen da suka karye, duk busasshen siminti a jiki. Wai Alhaji ya ce a kawo wa mai jego gudummawar itacen wanka.

Baba ya shigo yana fara'a.

"Kin ga mutumin kirki? Ɗauki mayafi ki je ki yi godiya."

Tunda nake ban taɓa yi masa musu ba. Na dube shi na ce, "Baba, ai sun gan ni ba mayafi. Kai ka je."

Ya sunkuyar da kai. Ya sa takalminsa, ya je.