Ramuwar Mai Nono

A shekarar da aka sauke tutar Nasara a gaban biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, aka ɗaga tamu, ina da tebur a kasuwar Dogon Dutsi, ina sayar da goro da sukari da ashana. Idan ciniki ya lafa sai in jawo tawada in ci gaba da kwafar wani littafin ajami da malaminmu ya ara mini. Mai zaman tebur yana ganin mutane da yawa, ko da kansa yana sunkuye.

Dab da ni wata Bafillatana take sauke ƙwaryarta. Daga wata ruga ta wajen Kiyeshe take zuwa a ƙasa, ta koma bayan la'asar. Doguwa ce, wuyanta ya ɗan karkata hagu saboda daɗewar ɗaukar kaya, kuma ba ta auna nono sai ta buga ludayi sau biyu a bakin ƙwarya. Nononta yana da kauri. Matan ma'aikata nata suke saye, da shi take sayen hatsin gidanta, don mijinta ya tsufa.

A lokacin ne wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya tara samari da 'yan mata yana koya musu wasan kwaikwayo. A cikinsu akwai ɗiyar wani maɗinki, 'yar Arawa gaba da baya, wadda ta yi 'yan shekaru a lakwal ta bari. Takan zo sayen goro wa uwarta, ta tsaya ta daɗe. Ashe kallo take yi. Allah ya ba ta wata baiwa: in ta dubi mutum kwana biyu, sai ta ɗauke tafiyarsa da muryarsa da tarinsa.

Ranar wasan farko gari ya taru a filin lakwal bayan la'asar. Malamanmu ba su son wannan abu, don haka daga nesa na tsaya, amma na gani. Yarinyar ta fito da ƙwarya a ka, wuya a karkace, ta tsaya bakin wani tafki na ƙarya, ta waiga dama da hagu, ta tuttula ruwa cikin nono. Da ta isa kasuwa ta buga ludayi sau biyu, ta ɗebo, sai ga talibambam yana iyo a ciki. Mutane suka yi dariya har wasu suka zauna ƙasa. Babu wanda bai gane wadda ake nufi ba.

Tsakanin Arawa da Fulani akwai wasa tun kakanni. Kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, a yi ta ba'a, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Saboda haka mai nono ba ta da inda za ta kai ƙara. Ko gaban sarki ta je, dariya za a ƙara yi mata. Sai dai wasan da muka gada a take ake rama shi, a tashi babu mai bin wani. Wannan kuwa an yi shi gaban gari, ita tana hanyar ruga. Yara suka riƙa leƙa ƙwaryarta suna tambayar talibambam. Matan ma'aikata, waɗanda baƙi ne ba su san wasanmu ba, suka ɗauka gaskiya ce, suka koma wa wata. Sau da yawa nakan ga ta koma gida da rabin ƙwarya.

Da yarinyar ta sake zuwa sayen goro, mai nono ta kira ta, ba tare da ɗaga murya ba.

"Baiwata, kin ci wasanki. Ban yi hushi ba, ba a hushi da Ba'are. Amma ina bin ki ramuwa, kuma gaban mutane kamar waɗanda kinka tara."

Yarinyar ta yi dariya ta ce, "To, Inna, ran da kinka tara su ki kira ni."

Daga nan sai abin ya yi nisa. Aka kai yarinyar da 'yan wasansu Doso, aka kai su Yamai gasar matasa, suka ciyo. Aka sa muryarta a rediyo. Ta yi matar alƙali, ta yi tsohuwa mai gardama da likita, amma ko'ina ta je mai nono ake roƙo ta yi. Da manyan fati, wato jam'iyyar gwamnati, suka ga mata suna fitowa dominta, sai suka jawo ta. Ba a daɗe ba ta zama shugabar matan fati ta ƙasar Arawa duka. Ta bar wasa, ta sa tabarau, ta riƙa rataya jaka. Tana yawo cikin mota daga Ɗan Kassari zuwa Dogon Kiriya, tana kiran mata su kai yara lamba, wato rigakafi, su yanki katin fati. Gaskiya ta yi aiki. Na san ƙauyen da ya samu rijiya saboda nacinta, na kuma san waɗanda aka yi wa alkawari har yau.

Wata ranar kasuwa aka shirya mata babban taro, supirefe mai mulkin yankin yana zaune, jandarmomi a tsaye. A zamanin nan fati ɗaya ce, kuma ba a wasa da mutanenta. Magana guda takan sa mutum ya kwana a tsare. Ta gama jawabi ana tafi, sai na ga mai nono ta sauke ƙwarya tsakiyar fili. Ta shafa gawayi ta zagaye idanunta kamar tabarau, ta maƙale faifai a hammata kamar jaka. Ta gyara murya irin ta shugaba, ta ɗaga yatsa, ta ce gwamnati ta yi wa kowace saniya alkawarin rijiyarta, kuma duk jakin da bai yanki kati ba kada ya ƙara kuka a garin nan.

Babu wanda ya yi dariya. Ni kaina na shiga karanta abin da ya zo bakina, don na san idan aka tafi da ita tsohon mijin nan nata ba shi da kowa. Wani jandarma ya taka zuwa wajenta.

Shugabar ta ɗaga hannu. "Ƙyale ta," in ji ta. "Ramuwa take bina, kuma ta tara mutanen. Inna, ƙarasa."

Mai nono ta ƙarasa. Ta kwaikwayi yadda shugabar take fitowa daga mota, da yadda take goge tabarau in an yi mata tambayar da ba ta da amsa. Shugabar ce ta fara dariya, har ta cire tabaran na gaske ta share hawaye. Sannan supirefe, sannan fili duka.

Da aka natsa, shugabar ta sauko ta durƙusa gaban ƙwaryar. Ta karɓi ludayi ta zurma har ƙasa, ta ɗago yadda kowa zai ga kaurinsa, ta shanye. Ta koma bakin lasifika ta faɗa wa jama'a cewa tun tana ƙarama take shan nonon nan, ba ta taɓa jin ruwa a ciki ba, talibambam kuwa daga kanta ta fito da shi. Kafin a watse matan ma'aikata sun kewaye ƙwaryar da kwanoninsu.

Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Ina tsaye kusa lokacin da shugabar za ta shiga mota, ta waiwayo ta tambaya ko da saura.

Mai nono ta buga ludayi sau biyu a bakin ƙwarya, ta ce, "Babu saura, baiwata. Tafi abinki."