Begila a Sitona na Katifu

Katifa nake sayarwa a Gidan Igwai. Kiɗa ban san kansa ba har yau. Abin da na sani shi ne soso yana shanye ƙara, kuma shi ya haɗa ni da Sajan.

Sajan muke ce masa don ya yi badujalar 'yan sanda. Da ya bar aiki ya tafi Legas, ya daɗe yana busa begila a otal-otal, irin kiɗan nan da ake kira jaz. Da girma ya kama shi ya dawo gidansu a Gawon Nama, inda yayansa ke limanci.

Wata shekara azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Wasu makaɗa a Abuja suka ce suna neman mai begila, za su gwada shi bayan salla. Yayansa kuwa ya ce babu busa a gidan sai wata ya wuce. Sajan bai yi musu ba, ya zo shagona.

"Alhaji, leɓe ba shi jiran mutum," in ji shi. "Ga shekaruna, in na yi wata ban busa ba, ya tafi ke nan. Kuma ba a sake kirana."

Na buɗe masa sito. Muka jera katifu a jikin bango, muka jingina biyu a ƙofa. Sharaɗina ɗaya: ruwan da ke ɗiga daga begilar kada ya taɓa kayana. Ya zo da gwangwani.

Kullum da hantsi yake shiga. Ba waƙa yake busawa ba, sauti ɗaya ne yake ja har numfashi ya ƙare, ya sake. Sito ba taga, ga ƙishirwa. Leɓensa ya tsage, yana shafa man kaɗe yana komawa.

Ana tsakiyar wata sai ga wata hajiya mai ɗakunan hayar ɗalibai a Kwalkwalawa, tana son ƙananan katifun duka, a ranar. Su ne bangon Sajan. Na ce na sayar, amma ɗauka sai bayan salla.

"Kaya na gabana ka ce in jira salla?" Sai ta kasa kunne. "Wanga gunji fa? Saniya kat turke ciki?"

Na faɗa mata gaskiya, don ciniki da ɓoye-ɓoye ba ya ƙarko. Ta ture katifar ƙofa ta leƙa. Ga dattijo zaune kan benci, riga sharkaf da gumi.

"Baba, duk wahalar ga don wagga ƙara?"

"Hajiya, wagga ƙara ita ta aurar da ɗiyana duka."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo gare ni.

"Na bangon baya nika ɗauka yau, can ba kowa sai kwata, ƙarar ba ta damun kowa. Saura ka kawo min da kanka, kuma kuɗin mota naka na."

Na yarda. An ci ni kaɗan, amma kaya sun tafi.

Bayan salla Sajan ya hau motar Abuja. Makaɗan sun ɗauke shi aiki, ba a matsayin na gaba ba, sai dai mai rufa wa wani matashi baya. Ya ce ya ishe shi. Yanzu yana yin 'yan makonni can, ya dawo gida. Gwangwanin yana nan bayan ƙofar sito, na hana a zubar da shi.