Yashi a Tsakanin Yatsu

Ni dai ban taɓa yarda da kowa a kan ɗiyata ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da aka haife ta sai da aka jima kafin ta yi kuka. Ta yi wata tara wuyanta bai tsaya ba, ta shekara uku ba ta zama sai an tokare ta da matasai. Likita ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta samu rauni wajen haihuwa, ba a warkewa, amma gashin ƙashi yana taimakawa. Mutanen unguwarmu a Kambarawa kuwa suna da nasu likitancin. Wata maƙwabciya ta taɓa kallon yadda yarinyar take lanƙwashewa a tabarma, ta rage murya ta ce mini, "Anya wannan ba 'yar ruwa ba ce?" Na san sauran zancen. A kai yaro bakin gulbi, a ajiye masa ƙwai da fura, a juya baya ba waiwaye, wai zai rikiɗe ya koma wurin danginsa. Har yau ba ma gaisawa da matar, kuma ban yi asarar komai ba.

Ina koyarwa a firamare, don haka kullum da safe sai na kai yarinyar Ƙofar Sauri wurin surukata, wadda sunanta aka sa mata. Tsohuwar ba ta da yawan magana. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa a kan ciwon nan, ita ko uffan. Wannan shirun ne ya tsaya mini a rai, don mai surutu ai ka san inda ya dosa.

Wata rana ina yi wa yarinyar wanka sai na ji yashi a tsakanin yatsun ƙafarta. Washegari ma haka, har da bayan gwiwa. Gidan surukata daɓen siminti ne tun daga zaure har ƙurya, kuma wannan ba ƙasar tsakar gida ba ce, yashi ne mai tsakuwa irin na gulbi. Na tambaye ta, "Hajiya, kun fita ne jiya?" Ta ce, "Mun ɗan sha iska ni da takwarata." Shi ke nan, ta ci gaba da jan carbinta. A bakin ƙofa kuma na hango jakarta a buɗe, da ƙwai biyu da ƙullin fura a ciki.

Na gaya wa maigidana, ya yi dariya ya ce, "Ke kam! Uwata ce hwa." Na ce ai wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ya ce to wane macijin ne ya sare ni? Na ƙyale shi.

Ranar Alhamis na nemi izini a makaranta. Na ajiye yarinyar kamar kullum, na zagaya na laɓe a gefen shagon wani tela. Da hantsi sai ga tsohuwa ta fito goye da ɗiyata, ita da kullum take kukan ciwon gwiwa, ga jaka a hannu, ƙotar fartanya ta leƙo daga ciki. Na bi ta lungu-lungu, ina tsara irin ihun da zan yi wanda zai tara unguwar. Ta shige wani kango da ba a gama gininsa ba. Kafin in kai bakin ƙofar har ta tona rami a tarin yashin da tifa ta juye, ta zura yarinyar a ciki tana tura mata yashi.

Na buɗe baki zan kurma ihu, sai na ji dariya. Ɗiyata ce. Yashi ya riƙe ta har ƙugu, ta dafa da hannuwanta, kanta yana rawa amma a sama yake, tana kallon wasu awaki da ke kiwo a kangon. A tsaye take. A kwance na san tsawon ɗiyata, ban taɓa ganinsa a tsaye ba sai ranar.

Tsohuwa ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Ƙaraso ki tallabe mata wuya. Tun shagon tela na gan ki." Na durƙusa na tallabe mata. Ta ce haka ake yi wa yaro mai sanyin ƙafa a ƙauyensu. Ta ɓare ƙwai, ta murmushe gwaiduwar tana sa mata a baki kaɗan-kaɗan.

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Hajiya, ki yahe mani. Na ga yashi, na ga ƙwai da hura, sai na zaci..."

"Na san mi kika zata," in ji ta. "Kuma kada ki bari. Ki ci gaba da zargin kowa, har ni." Ta goge wa yarinyar yawu da bakin mayafinta. "Ɗana na hwari, kahin mijinki, kamar wagga yake. Ni ban zargi kowa ba. Na tahi ɗibar ruwa na bar shi hannun mutanen gida, na dawo aka ce mani ya koma wurin danginshi. Da ina da halinki, da yanzu yana nan da hurhura."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Muka tone yarinyar tare, na karɓi goyon saboda gwiwarta.

Na kai zancen ramin wurin mai yi mata gashin ƙashi a asibiti, ya ce ba laifi in dai ba a daɗe ba kuma ana riƙe da ita. Maigidana kuwa sai a bakina ya fara jin cewa uwarsa ta haifi wani ɗa kafin shi. Har yau in na ɗauko ɗiyata daga Ƙofar Sauri sai na duba tsakanin yatsunta, kuma a gaban tsohuwar nake dubawa. In na manta, ita take miƙo mini ƙafar.